Yadda ake ɗaukar hoton igiyar matsi a jikin jirgin da ya fi sauti gudu

A watan Maris na 2019 NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ta fitar da hotunan wasu jirage biyu ƙirar T-38 suna tafiya dab da juna da gudun da ya wuce na sauti. A cikin hotunan ana ganin layuka sun taso daga hancin kowane jirgi da fikafikansa da wutsiyarsa, sun bazu gefe da gefe, kuma inda na jirgin gaba suka ci karo da na jirgin baya sai suka lanƙwashe. Wanda ya kalla zai ɗauka wata kyamara ce mai ƙarfi aka saita aka danna. Amma da za a nuna masa ainihin abin da kyamarar ta kama, ba zai ga layi ko ɗaya ba. Jirage biyu zai gani a saman hamada mai ɗigo-ɗigon ciyayi, cikin baƙi da fari. Layukan daga lissafi suka fito, kuma abin da aka lissafa shi ne yadda ciyayin da ke can ƙasa suka ɗan gusa a idon kyamara, gusawar da sau da yawa ba ta kai faɗin fiksel guda ba, wato ɗigo mafi ƙanƙanta a hoto.

Kafin a kai ga kyamara, sai an san abin da ake farauta. Jirgi yana tafiya yana ture iskar da ke gabansa, labarin turewar kuma yana yaɗuwa cikin iska da gudun sauti. A kusa da ƙasa, a zafin digiri 15, gudun sauti kimanin mita 340 ne a sakan ɗaya. A tsayin mita 8,500, inda sanyi ke kai digiri 40 ƙasa da sifili, yana sauka zuwa wajen mita 306. Muddin jirgi bai kai wannan gudu ba, iskar gaba tana samun labari da wuri ta kauce a hankali. Da zarar ya wuce shi, iskar ba ta da masaniya sai jirgin ya iso kanta, don haka matsinta da kaurinta da zafinta duk suna tsallakewa lokaci guda a cikin wani siririn shafi. Wannan shafi shi ne igiyar matsi. Tana tasowa daga duk inda jikin jirgi ya tilasta wa iska sauya hanya ba shiri: tsinin hanci, gilashin matuƙi, bakin shigar iskar inji, gaban fiffike, wutsiya, har da wurin da hayaƙin inji ke fita. Tana bazuwa baya da siffar mazurari, kuma buɗewar mazurarin ta dogara ga gudu. A Mach 1.1, wato gudun sauti da ƙarin kashi ɗaya cikin goma, kusurwar tana wajen digiri 65 daga layin tafiya. A Mach 1.4 digiri 46 ce. A Mach 2 kuwa digiri 30.

Dalilin da ya sa ake kashe kuɗi a kan ganin waɗannan igiyoyi shi ne tsawar da suke saukarwa ƙasa. A jikin jirgi igiyoyin suna da yawa, manya da ƙanana. Amma igiya mai ƙarfi ta fi mai rauni sauri kaɗan, saboda haka a kan hanyarsu ta zuwa ƙasa wasu suna cim ma wasu su haɗe, har su zama manya biyu, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Su ne mutum ke ji kamar an buga abu sau biyu a jere. Ƙarin matsin kansa ba wani babba ba ne. Na Concorde, jirgin fasinja mai gudun wuce sauti, bai wuce kusan kashi ɗaya cikin dubu na matsin iskar da muke ciki ba. Abin da ke razana kunne shi ne saurin zuwansa. Kuma tsawar tana bin jirgin duk tsawon tafiyarsa, ba a lokacin da ya tsallake gudun sauti kaɗai ba. Wannan ne ya sa Amurka ta hana jiragen farar hula gudun wuce sauti a saman ƙasarta a 1973. Duk mai son ƙera jirgin da zai rage wannan tsawa dole ya san inda kowace igiya ke tasowa, da ƙarfinta, da inda take haɗewa da 'yar'uwarta.

Matsalar ita ce iska ba ta da launi, ko an matse ta ko ba a matse ba. Abu ɗaya tak ta bari a kama ta da shi: idan kaurinta ya sauya, haske da ke ratsa ta yana karkata. Shi ne abin da ke sa a ga abubuwa suna rawa idan an hange su ta saman wuta. Sai dai karkatar 'yar mitsitsiya ce. Ma'aunin lanƙwasa haske na iska a bakin teku 1.00028 ne, na ruwa kuwa 1.33. A tsayin mita 8,500, inda kaurin iska ya ragu zuwa kusan kashi 40 cikin ɗari, ma'aunin ya koma wajen 1.00011. Igiyar matsi kuma ɗan kaso kawai take sauyawa daga cikin wannan ɗan rarar. Saboda haka karkatar da ake nema takan tsaya a 'yan kaso cikin miliyan na radiyan (ma'aunin kusurwa), wani lokaci gommai. Karkata ta kashi goma cikin miliyan na radiyan daidai take da gusawar santimita ɗaya a nisan kilomita guda.

A ɗakin gwaji an daɗe da shawo kan wannan. Masanin kimiyya Bajamushe August Toepler ne ya tsara dabarar da ake kira shiliren a 1864, kuma a 1887 Ernst Mach da Peter Salcher suka wallafa hoton igiyar matsi a gaban harsashi mai gudu. Tsarin da aka saba da shi yau yana da ɗan ƙaramin tushen haske, da madubi mai lotsawa da ke miƙar da hasken ya ratsa wurin gwaji a jere, da madubi na biyu da ke tattara shi ya koma ɗigo guda. A daidai wannan ɗigo ake sa kaifin reza ya tare rabin hasken. Hasken da igiya ta karkatar zuwa wajen rezar sai ya tsaya, wurin ya yi duhu a hoto. Wanda ta karkatar ɗaya gefen sai ya tsallake, wurin ya yi haske. Dabara ce mai kyau ƙwarai, amma abin da za a ɗauka dole ya shiga tsakanin madubai biyu, kuma madubi mai faɗin mita ɗaya ma babban kaya ne mai tsada. T-38 tsawonsa mita 14.

Shi ya sa shekara da shekaru ƙananan samfura ake sakawa a bututun gwajin iska, inda ake hura musu iska mai gudu. Amfaninsu ba ya misaltuwa, amma suna da iyaka da duk mai aikin ya sani. Sandar da ke riƙe samfurin ta baya tana zaune ne a daidai inda hayaƙin inji ya kamata ya fita, ga shi kuwa igiyoyin wutsiya suna cikin waɗanda suka fi wuyar hasashe. Bangon bututun yana maido da igiyoyi su dawo su gurɓata awo. Kuma ba za a iya bin igiya nesa da samfurin ba, alhali haɗewar da ake son gani can nesa take faruwa.

Wanda ya fara fitar da dabarar daga ɗaki zuwa sararin sama shi ne Leonard Weinstein na cibiyar NASA ta Langley. A 1993, a tsibirin Wallops da ke jihar Bajiniya, ya ɗauki hoton T-38 yana gudun Mach 1.1. Ya saita na'urar hangen nesa a kan gefen rana, ya toshe komai sai wani siririn tsagi a daidai bakin faifanta, inda haske ke yankewa ya koma duhu. Gefen ranar da tsagin su suka yi aikin tushen haske da reza. Da jirgin ya gifta, fim ɗin da ke bayan tsagin yana tafiya da saurin da ya dace da na hoton jirgin, sai hoton ya ginu layi bayan layi. Aikin ya nuna abin mai yiwuwa ne. Amma hoto ɗaya ake samu a kowace giftawa, kuma karkatar da ta ratsa gefen ranar kaɗai ake gani. Wadda ta bi tsawonsa ba ta barin alama.

Sauyi na gaske ya zo wajen shekarar 2000, lokacin da masu bincike a cibiyar binciken jirage da sararin samaniya ta DLR da ke Göttingen a Jamus, cikinsu har da Gerd Meier da Markus Raffel da Hugues Richard, suka nuna cewa ana iya ajiye madubai da reza gaba ɗaya. A samu bango mai ɗigo-ɗigo barkatai, a ɗauki hotonsa babu komai a gabansa, a sake ɗauka lokacin da iskar da ake son gani ta shiga tsakani. Duk inda haske ya karkata, ɗigon da ke bayan wurin zai bayyana ya ɗan gusa. Kwamfuta ta kwatanta hotunan biyu ta auna gusawar kowane yanki, taswirar gusawar kuma ita ce hoton igiyar. Da wannan suka ga murɗaɗɗiyar iskar da ke fita daga bakin farfelar helikwafta. Girman abin da za a ɗauka ya daina zama cikas, muddin akwai bangon da ya kai shi girma.

Ga jirgi mai gudun wuce sauti, bangon da NASA ta samu shi ne hamadar Mojave a Kalifoniya, kusa da sansanin sojan sama na Edwards. Shirin, wanda aka sa wa suna AirBOS, ya fara tashi a 2011 ƙarƙashin jagorancin James Heineck na cibiyar Ames da Daniel Banks na cibiyar da yanzu ake kira Armstrong. Ana ɗaura kyamara a cikin jirgi mai farfela ƙirar King Air B200 tana kallon ƙasa ta wata taga a cikinsa, jirgin da ake son ɗauka kuma ya bi ta ƙarƙashi. A zangon da ya haifar da hotunan 2019, King Air yana wajen ƙafa 30,000, jiragen T-38 suna ƙasa da shi da kimanin ƙafa 2,000, tazarar da ke tsakaninsu su biyu kimanin ƙafa 30, na baya ya fi na gaba sauka da kusan ƙafa 10. Kyamarar tana ɗaukar hoto 1,400 a sakan, kuma ma'ajiyarta sakan uku kawai take iya riƙewa.

Waɗannan alƙaluma ba a zaɓe su da ka ba, kuma lissafi mai sauƙi yana nuna dalilin kowanne. Gusawar da kyamara ke gani ta dogara ga matsayin igiyar tsakanin kyamara da bango. Idan igiyar tana manne da bango, hasken da ta karkatar bai samu tazarar da zai kauce ba, gusawar kusan sifili ce. Idan tana kusa da kyamara, bangon kuma yana can nesa, kusan duk karkatar ce ke bayyana. Da jirgin yana mita 600 daga kyamara, ƙasa kuma tana wajen kilomita 8 a bayansa, sama da kashi 90 cikin ɗari na karkatar ke isowa. Kusancin kuma yana sa jirgin ya cika hoto. Sai dai ba za a matso da shi fiye da kima ba, domin kyamara dole ta ga ciyayin ƙasa tar, kuma idan jirgin ya yi kusa sosai shi da igiyoyinsa za su yi dishi-dishi. Ga kuma batun lafiyar jirage uku a wuri guda.

A ɗauki misalin gilashin kyamara mai tsawon milimita 200 da fiksel mai faɗin mikiron 10, wato kashi ɗaya cikin ɗari na milimita. Kowane fiksel yana ganin kusurwar kashi 50 cikin miliyan na radiyan. A nisan jirgin, wannan santimita 3 ne. A ƙasa kuwa wajen santimita 40. Kenan kurmin ciyawa mai faɗin mita ɗaya zuwa biyu zai cika fiksel uku zuwa biyar, kuma wannan shi ne girman ɗigon da lissafin kwatance ya fi so. Ɗigon da bai kai fiksel biyu ba, ba a iya auna gusawarsa da kyau. Wanda ya yi girma sosai kuma yana shafe ƙananan bayanai. A nan ne Mojave ta yi rana: duhun ciyayi a kan farin yashi, a warwatse ba tsari, kilomita bayan kilomita. Busasshen tafkin da ke Edwards, duk da faɗinsa, ba zai yi wannan aiki ba saboda fili ne sumul. Gona mai kunya a jere ma matsala ce, domin kwamfuta ba za ta bambance wannan layi da na kusa da shi ba. Da irin wannan kyamara, karkata ta kashi goma cikin miliyan tana gusar da hoto da kashi ɗaya cikin biyar na fiksel kacal.

A nan gizo ke saƙa. Gusawar da ake nema kashi ɗaya cikin biyar na fiksel ce, alhali kyamarar kanta tana cikin jirgi mai tafiya yana jijjiga. Idan King Air na gudun mita 120 a sakan, ƙasar tana zamewa wajen santimita 9 tsakanin hoto da hoto, a cikin sakan ɗaya kuwa ɗaruruwan fiksel. Don haka matakin farko na aiki a kwamfuta shi ne a daidaita kowane hoto a kan ƙasa: a zaɓi hoton da aka ɗauka kafin jirgin ya shigo a matsayin ma'auni, a nemo alamomi iri ɗaya a cikin sauran, a ja su a murɗa su har kowane kurmi ya hau kan kansa. Kuskure kaɗan a wannan mataki zai fito a sakamako kamar wata igiya ta ƙarya da ta mamaye hoton duka. Tudu da kwari suna ƙara wahala, domin saman tudu ya fi kwari saurin zamewa a idon kyamara mai tafiya, kuma gyaran da ya ɗauki ƙasa a matsayin shimfiɗa ɗaya ba zai cire wannan ba. Shi ya sa ake son ƙasa mai faɗi, ake kuma son hoton ma'auni ya kasance dab da lokacin giftawa.

Mataki na biyu shi ne auna gusawar. Hanyar da aka gada daga masu auna gudun ruwa da iska ita ce a yanka hoto gida-gida, misali fiksel 16 sau 16, a nemi inda kowane gida ya fi dacewa a ɗaya hoton. Babban gida yana ba da amsa mai tsabta amma yana faɗaɗa igiyar, wadda a zahiri siririya ce ƙwarai, ta fito kamar ɗamara. Ƙaramin gida yana fito da ita da kaifi amma da hayaniya. Akwai kuma wata hanyar lissafi da ke bin sauyin haske fiksel bayan fiksel, wadda takan fi fito da ƙananan igiyoyi, sai dai ba ta jure sauyin haske tsakanin hotuna biyu. Ko inuwar gajimare ce ta ratsa wurin, ta ɓata lissafin.

Mataki na uku shi ne wanda ya sa ake buƙatar hoto 1,400 a sakan. Taswirar gusawa daga hoto guda cike take da ƙazanta, da ƙyar ake hango igiyar hanci a ciki. Amma igiyoyin suna tafiya tare da jirgin, ƙazantar kuwa ta ƙasa ce da ta iskar da ke tsakani. Sai a sake daidaita taswirorin, wannan karon a kan jirgin, ana bin tsinin hancinsa daga hoto zuwa hoto, sannan a ɗora su a fitar da matsakaici. Abin da ke manne da jirgi yana ƙarfafa, abin da ba nasa ba yana wankewa. Hayaniya tana raguwa da tushen murabba'in yawan hotuna: hoto 100 sun rage ta sau 10, hoto 400 sau 20. To hoto nawa za a samu? Idan T-38 na gudun mita 320 a sakan, King Air kuma 120, duka suna fuskantar gefe guda, bambancin mita 200 ne. Kyamara mai fiksel 2,500 a tsawo tana ganin mita 75 a nisan jirgin, wanda zai ratsa cikin ƙasa da rabin sakan. Kyamarar bidiyo ta yau da kullum mai hoto 30 a sakan hoto goma sha ɗaya za ta samu. Mai 1,400 za ta samu wajen 500.

Saurin yana da farashinsa. Kowane hoto sai an ɗauke shi cikin ɗan ƙiftawa, in ba haka ba jirgin zai ja. A bambancin gudu na mita 200, buɗe kyamara na kashi ɗaya cikin 10,000 na sakan yana barin jirgin ya motsa santimita 2, ƙasa da fiksel ɗaya a misalinmu. A wannan gajeren lokaci haske kaɗan ne ke shiga, ga shi kuma ana son a tsuke ƙofar gilashin don jirgi da ƙasa su fito tare. Rana mai ƙarfi ce kaɗai ke biyan wannan buƙata. Amma rana mai ƙarfi tana dumama hamada, iska mai zafi ta riƙa tashi, ita ma tana karkatar da haske. Sa'ar da aka yi ita ce wannan iskar tana kusa da bango, inda tasirinta ya fi rauni. Wadda ta fi cutarwa ita ce iskar da ke bin jikin King Air kanta da hayaƙin injinansa, domin tana bakin kyamara. Dole ne kuma kyamarar ta zama mai ɗaukar duk fikselolinta a lokaci guda. Mai karanta hoto layi bayan layi, irin ta yawancin wayoyi, za ta karkatar da jirgin da kusurwar igiyoyinsa.

Duk wannan shiri banza ne idan jiragen ba su haɗu ba. Faɗin wurin da kyamara ke gani bai wuce 'yan gommai na mita ba, jirgin kuma yana cin mita 300 da ɗoriya a sakan, ma'ajiya sakan uku. Matuƙin T-38 sai ya taso daga nesa, ya kai gudun da ake so, ya daidaita tsayi, ya bi ta ƙarƙashin wani jirgin da shi ma tafiya yake yi, a kan yankin hamadar da aka zaɓa. Ana dogara ga GPS da musayar bayanin matsayi, amma hannun matuƙi ne ke ƙarasa aikin. Mai kula da kyamara kuma idan ya danna da wuri ma'ajiya ta cika kafin jirgi ya iso, idan ya makara ya rasa tsabtataccen hoton ma'auni. A ganina wannan ɓangare na tuƙi ba a ba shi haƙƙinsa idan ana yabon hotunan, musamman da yake matuƙan biyu suna riƙe tazarar ƙafa 30 a gudun da igiyar ɗaya ke bugun ɗayan.

Launukan ja da shuɗi da ruwan lemo da ake gani a hotunan da aka wallafa, daga baya aka sa su. Abin da lissafi ke bayarwa lambobi biyu ne a kowane wuri, gusawa ta tsaye da ta kwance. Idan aka zana ta farko ana samun hoto irin na reza a kwance, idan aka zana ta biyu irin na reza a tsaye, kuma kowanne yana fito da wasu igiyoyi ya ɓoye wasu. Haka nan farin gajimaren da kan lulluɓe jirgin yaƙi mai ƙasa-ƙasa a kan teku, wanda ake yawan yaɗawa da sunan hoton fasa shingen sauti, raɓa ce. Inda iska ta buɗe a jikin jirgi matsinta da zafinta suna faɗuwa, tururin ruwa ya koma ƙananan ɗigon ruwa ya zama hazo, sai igiyar da ke baya ta sake dumama iskar hazon ya ɓace. Yana iya fitowa ko jirgin bai kai gudun sauti ba, kuma a busasshiyar iska ba ya fitowa ko da ya wuce.

Duk da kyawun AirBOS, yana da rauni babba: daga sama yake kallo. Igiyoyin da yake nunawa da kyau su ne masu bazuwa dama da hagu, alhali waɗanda ke saukar da tsawa su ne masu nufar ƙasa, kuma jikin jirgin ya tare su. Mafita ɗaya ita ce matuƙi ya kifa jirgin a gefe ɗaya yayin giftawa, fiffike ɗaya sama ɗaya ƙasa, kuma an yi hakan da T-38. Amma jirgin da ke kife ba ya ɗauke da nauyinsa yadda yake yi a tafiya ta sosai, ɗagawar fiffike kuwa tana da kaso a cikin ƙarfin igiyoyin da ke sauka ƙasa. Hoton yana nuna siffa, bai cika nuna yanayin tafiya na gaskiya ba.

Wannan ne ya mayar da hankali kan rana, amma yanzu faifanta duka ake amfani da shi a matsayin bango. A farin haske faifan rana kusan sumul yake, babu ɗigon da za a bi. Idan aka sa matacin da ke barin launi ɗaya tak ya wuce, irin wanda sinadarin haidurojin ko na kalsiyam ke fitarwa, fuskar rana sai ta fito da zane-zane da tabo-tabo ko'ina. Edward Haering da abokan aikinsa a Armstrong sun gwada duka biyun daga ƙasa, a ƙarƙashin sunayen CaKEBOS da BOSCO. Kada a taɓa saita na'urar hangen nesa a kan rana ba tare da matacin da aka yi don wannan aiki ba. Ido da kyamara duka ƙonewa za su yi nan take.

Rana bango ce da ke can iyakar nisa, saboda haka duk karkatar ce ke bayyana. Matsalarta ƙanƙanta. Faɗinta a sama kusan rabin digiri ne. A nisan kilomita 10 wannan da'ira ce mai faɗin mita 93, jirgi mai gudun mita 320 zai ratsa ta cikin ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na sakan. Da'irar kuma ba a tsaye take ba: rana tana tafiyar digiri 15 a awa, tana cin faɗin kanta cikin minti biyu, don haka wurin da matuƙi zai bi yana gusawa mita 40 da ɗoriya kowane minti. Sai an riƙa sabunta masa wurin a allonsa. Don a ga jirgin ta gefe ana son rana ta yi ƙasa, amma idan tana digiri 30 daga ƙasa, jirgin da ke tsayin kilomita 9 yana nisan kilomita 18 daga kyamara, hasken kuma sai ya ratsa doguwar hanya cikin iskar ƙasa mai rawa, wadda a wannan karon tana bakin kyamara. Siririn matacin shi ma yana cinye mafi yawan hasken. Duk da haka dabarar ta yi aiki: a ranar 10 ga Fabrairu 2025 ma'aikatan NASA sun ɗauki hoton jirgin gwaji XB-1 na kamfanin Boom yana gifta rana da gudun wuce sauti a saman Mojave.

Wata hanyar kuma ita ce a ɗora kyamarar kallon rana a wani jirgin mai sauri, kamar F-15, a fita daga iskar ƙasa, a kuma zaɓi kusurwar da ake so. Sai dai kusanci yana rage bango: a nisan kilomita ɗaya faifan rana mita 9 ne kawai, bai kai tsawon T-38 ba. Tsawon jirgin ana iya ɗinka shi daga hotuna a jere yayin da yake wucewa, amma abin da ke sama da ƙasa da wannan da'ira ba zai shiga ba sai an maimaita giftawa a wani tsayin.

Jirgin da ake wannan tanadi dominsa shi ne X-59, wanda Lockheed Martin ya ƙera wa NASA, ya kuma yi tashinsa na farko ranar 28 ga Oktoba 2025. Tsawonsa wajen mita 30 ne, kusan kashi ɗaya cikin uku hanci ne siriri, injinsa kuma a sama aka ɗora shi don igiyoyin bakin inji su nufi sama. An tsara shi ya yi gudun Mach 1.4 a tsayin ƙafa 55,000, da nufin igiyoyinsa su kasance raunana kuma a rarrabe, kada su haɗe su zama manya biyu kafin su isa ƙasa. Duk wannan daga lissafin kwamfuta da bututun gwaji ya fito, kuma hoton jirgin na gaske a sama shi ne zai nuna ko kowace igiya ta taso inda aka yi hasashe, da kusurwar da aka yi hasashe. Raunin igiyoyin da ake nema kuwa yana nufin gusawar za ta fi ta T-38 ƙanƙanta, ga iska a wannan tsayi ba ta kai kashi ɗaya cikin bakwai na kaurin ta bakin teku ba.

Hoton shi kaɗai ba ya ba da lambar matsi kai tsaye. Kowane fiksel jimillar duk karkatar da haske ya sha ne a tsawon hanyarsa, ya ratsa wannan gefen mazurari ya fita ta wancan, kuma ba a iya warware jimillar sai da zato game da siffar igiyar ko da hotuna daga kusurwoyi da dama. Shi ya sa NASA ta ɗaura wa F-15 wani tsini mai auna matsi a hanci, wanda zai bi bayan X-59 ya ratsa igiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya, a ƙasa kuma ana jera makirufo a hamada. Tsinin yana ba da ainihin matsi a kan layi guda, makirufo yana ba da abin da kunne zai ji, hoton kuma yana nuna wane sashe na jikin jirgin ne ya haifi kowace tsallakewa da sauran biyun suka auna.